Faifan da Ya Yi Gadin Dawa

Na yi shekaru masu yawa ina aiki a maktabar wata kwalejin noma a Gadarif, a ɗakin da ake ajiye kundayen bincike. Ban yi karatu mai zurfi ba. Na gama sakandare da ƙyar, na yi hidimar ƙasa kamar yadda aka tilasta wa kowa a wancan zamani, sannan wani maƙwabcinmu mai hanya wurin mutanen gwamnati ya yi mini magana aka ɗauke ni. Da farko shara da goge kantoci ne aikina. Da mai kula da ɗakin ya yi ritaya sai aka miƙa mini mabuɗi da hatimi, don babu wanda ya san inda kowane kundi yake kamar ni.

Aikin ba shi da wuya. Duk ɗalibin da ya gama digiri na biyu zai kawo kundinsa an ɗinke shi da baƙin bango, an rubuta suna da ruwan zinariya. In karɓa, in buga masa hatimi a takardar sallama, wadda a nan muke kira khulu taraf. Idan babu hatimina, ba a ba shi shaidar kammalawa. Kundin kuwa in ɗora shi a kanta, ya zauna tare da 'yan'uwansa. Wani sai ya shekara goma ba a buɗe shi ba.

Daga baya umarni ya zo daga Khartum cewa kowane bincike sai an saka shi a ma'ajiya ta intanet, inda kowa zai iya karantawa kyauta, ko yana ina. Aka kawo mini kwamfuta, aka tura ni wani ɗan gajeren horo. Daga nan ɗalibi yakan haɗo kundinsa da faifan kwamfuta ɗauke da aikin gaba ɗaya. Ni zan buɗe faifan, in rubuta sunan bincike da taƙaitawarsa, in tura. Mudir, wato shugaban maktabar, shi zai duba daga kwamfutarsa ya amince da lambar sirrinsa. Sai ya amince adireshin aikin yake fitowa. Doka ta ce kada in buga hatimi sai adireshin ya fito.

Dokar ba ta yi la'akari da shabakarmu ba. Shabaka ita ce hanyar intanet, kuma tamu takan tafi da safe ta dawo bayan la'asar, lokacin da mun tashi. Ranar da take nan kuma sai wuta ta ɗauke. Ɗalibai kuwa daga nesa suke zuwa, wani daga Fau, wani daga Hawata, wani daga gonakin Fashaga, ya bar aiki, ya biya mota. Ba na iya cewa mutum ya je ya dawo. Sai na riƙa buga hatimin nan take, in ajiye faifan zuwa lokacin da shabaka ta ga dama. Ina da kwalayen sabulu biyu a ƙarƙashin tebur. Na hagu na faya-fayan da ke jira ne, na dama kuma na waɗanda na riga na tura. Mudir ya san ina haka, bai taɓa cewa komai ba, domin shi ma ba ya son ɗalibai su yi masa layi a ƙofa. Ni kuma ina jin daɗin a ce mini mutumin kirki.

Akwai wata yarinya 'yar unguwarmu, ɗiyar wani tela da ke da rumfa a kasuwa. Kakanninta da namu hanya ɗaya ce ta kawo su, sun fito daga yamma za su Makka, suka zauna nan suna noma har suka mutu. Da ubanta muke sallah a masallaci ɗaya. Tun tana ƙarama Baba take kirana. Ta yi bincikenta a kan wuta-wuta, ciyawar nan mai jan fure da ke shanye dawa, wadda Larabawan nan suke kira buda. Ta yi damina biyu tana yawo a ƙauyukan bakin kogin Rahad, tana ƙirga tsiro tana tambayar manoma.

Ranar da ta kawo kundinta ta same ni ina shirin fatur, abincin hantsi da duk ma'aikata ke tashi domin sa.

"Baba, salamu alaikum. Na kawo maka kaya."

"Wa alaikumus salam, 'yata. An gama ke nan? Zo ki sa hannu, ga wake."

"Na ci, Baba. Wake dai kullum? Tun ina aji ɗaya nake ganin kwanon nan."

"Albashin ma tun kina aji ɗaya shi ne."

Ta yi dariya ta ajiye kundin da faifan. Ta rubuta sunanta a kan faifan da koren alƙalami. Sannan ta daina dariya ta ce, "Baba, nawa ba irin na kowa ba ne. Mutanen da suka ɗauki nauyin aikin, wata ƙungiya ce ta ƙasar waje. Sharaɗinsu, duk binciken da suka biya sai an sa shi inda kowa zai karanta. Sun buɗe ƙofar karatun dakta, kuma ina cikin waɗanda suke so, amma sai na rubuta adireshin aikin a takardar nema. Idan babu adireshin ba za su ma duba ba. Ƙarshen watan gobe suke rufewa."

Na ce, "Watan gobe? Ai da sauran lokaci. Shabaka na dawowa naki ne farko."

Na buga mata hatimi. Tana cikin naɗe takardar sai aka leƙo aka ce mahaifiyar wani direban kwalejin ta rasu, za a kai ta bayan azahar, mota na jira a ƙofa. A wurinmu idan aka yi irin wannan kira ofis duka ake tashi, babu mai tsayawa gyara tebur. Na jefa faifan ƙarƙashin tebur, na kulle ɗakin, muka fita tare. A kwalin dama ya faɗa. Ban duba ba, kuma da na dawo washegari ban tuna ba.

Ina da yaya manomi, yana da gona ta damina a bayan Hawata. Shi ya riƙe gonar ubanmu, ni na shigo gari, kuma kowace kaka yakan aiko mini da buhun dawa. Ba ya kirana da sunana, Afandi yake ce mini, don ya tsokane ni da zaman ofis. A shekarar dawa ta yi kyau, ta fara ƙosawa, sai jan-baki suka sauka. Wanda bai ga tsuntsayen nan ba ba zai gane ba. Suna tasowa kamar hayaƙi, su sauka a gona, kafin ka iso da gwangwaninka sun tashi sun bar zangarniya fanko. Yaya ya shigo Gadarif neman maganin tsuntsu bai samu ba, ya biyo ta wurina ya huta. Yana zaune ƙafarsa ta bugi kwali.

"Afandi, mene ne wannan? Madubai kake tarawa?"

"Faya-fayan ɗalibai ne, Yaya. Aikin bincike."

Ya zaro ɗaya ya juya shi, hasken taga ya faɗa bango. Ya ce, "Maƙwabcina ya rataya irin waɗannan a gonarsa, na waƙoƙi ne ɗansa ya kawo masa. Iska na kaɗa su suna walƙiya, tsuntsu ba ya sauka. Duk gonata suka komo. Ku me kuke yi da su?"

"Ajiya."

"Ajiya har yaushe?"

Gaskiya tun da aka fara tsarin babu wanda ya taɓa dawowa neman faifansa. Abin da ke ciki ya riga ya shiga ma'ajiya, duniya duka na gani. Na gaya wa kaina cewa na kwalin dama shara ne. Ban tambayi mudir ba, don na san zai ce kayan gwamnati ne sai an kafa kwamiti. Kuma ina tunanin buhuna na kaka, ba zan ɓoye wannan ba. Na ɗaure kwalin da igiya na miƙa masa.

Ya ɗora a kafaɗa ya ce, "Yau dai karatunka ya yi amfani, Afandi."

Bayan wani lokaci yarinyar ta kira ni a waya daga Fau, inda ta samu aikin wucin gadi a gonakin ban ruwa. Ta ce ta nemi aikinta a ma'ajiya ba ta gani ba. Na ce shabaka ce, amma yau zan duba. Da muka gama na jawo kwalin hagu na zazzage shi a tebur. Babu koren rubutu. Na sake bi ɗaya-ɗaya. Na duba aljihun tebur, da bayan kanta, da cikin kundin nata ko na cusa shi a ciki. Kafin in gama na riga na san inda yake.

Na kira ta na yi kamar tambayar banza nake yi. "'Yata, kina da wani kwafi a hannu? Ko da dai, saboda tsaro."

"Wallahi babu, Baba. Filas ɗin da na ajiye aikin cutar kwamfuta ta cinye shi, shagon da na buga aikin kuma sun wanke kwamfutarsu. Shi ya sa hankalina ya kwanta da na kawo maka. Ai ku ne ma'ajiya. Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Shabaka ce kawai."

Nan ne laifina yake. Jefa faifai a kwalin da ba nasa ba kuskure ne, ba da kwalin kuma ganganci ne, amma duk ana iya gyara su a ranar. Kundinta na kan kanta. Mudir na zaune a ɗakin da ke kusa da nawa, yana shan shayi yana karanta jarida. Lokaci na nan da yawa. Da na faɗi gaskiya, da an kwance kundin an ɗauki hoton shafukan an tura, a cikin mako an gama. Abin da ya hana ni shi ne ba na son 'yar tela ta san na raba kayan ɗalibai, ba na son mudir ya sani, ba na son a ji a masallaci. Na ce zan je gona in ɗauko faifan in tura, babu wanda zai taɓa ji.

Juma'ar farko ruwan ƙarshen damina ya sauka, kuma baƙar ƙasar nan idan ta jiƙa ko jaki ba ya shiga. Juma'a ta biyu aka yi ɗaurin aure a dangin matata, na ce ba zai yiwu a rasa ni ba. Da na so da na nemi izini a tsakiyar mako na tafi, amma neman izini sai da dalili. A tsakanin ta sake kira, na sake cewa shabaka. Abin da ya sa ƙaryar ta yi sauƙi, kowa a Gadarif ya san halin shabaka, babu mai musu. Har haƙuri ta ba ni, ta ce suna wahalar da ni.

Juma'a ta uku na hau motar Hawata da sassafe, daga can na bi amalanke zuwa gona. Tun daga nesa na hango walƙiya. Yaya ya kafa sanduna a tsakanin kunyoyi, ya ja igiya daga wannan zuwa wancan, faya-fayan na lilo a kai suna juyawa. Dawa ta sunkuya da nauyi. Na same shi a inuwar rumfarsa yana gyara lauje.

"Afandi da kansa! Wa ya mutu?"

"Babu wanda ya mutu, Yaya. Wani faifai nake nema. Ya shiga cikin kayan bisa kuskure."

"Wanne? Ai duk kamarsu ɗaya."

"Mai koren rubutu."

Ya tashi muka shiga gonar. A nan na ga abin da ya yi musu. Bai zura igiya ta ramin tsakiya ba, ya ce idan aka yi haka ba sa juyawa sosai. Ƙusa ya gasa a wuta ya huda kowanne a gefe. Wasu ya raba su biyu don su ishi gonar. Rana ta dafa su, fatar bayansu ta fara ɓarewa, rubutun duk ya koɗe. Muka bi igiya-igiya, ina kama kowanne ina juyawa, ganyen dawa na yankar mini hannu. A gefen gabas muka same shi, inda wuta-wuta ta fi yawa, jan furenta ya cika gindin karan. Koren ya koma kamar ruwan toka, amma sunanta na karantuwa. Ba a raba shi ba. Huda ce a gefe, da tsaga da ta taso daga hudar ta nufi tsakiya.

Yaya ya ce, "Na wace ce?"

Na gaya masa. Ya san uban.

"Me ta rubuta a ciki?"

"Yadda za a rage wuta-wuta."

Ya dubi furen da ke ƙafarsa, ya dubi faifan. "To ai da ka karanta mini shi, da ya fi ratayawa." Sai ya ga fuskata ya daina wasa. "Zai yi aiki?"

"Ban sani ba."

"Ita ta sani?"

"A'a."

Ya yanke igiyar da lauje ya ba ni. Ya ce, "Kai dai tun kana yaro idan ka fasa tulu sai ka juya tsagar ta kalli bango. Je ka gaya mata." Na ce to. Ya ba ni ɗanyar dawa gasasshiya na ci a hanya.

Ban gaya mata ba. Na goge faifan da auduga na sa a kwamfutar ofis. Ta yi gurnani ta yi shiru, ta tofo shi. Na kai shi wani shagon kwamfuta a kasuwa, nesa da layin teloli. Mai shagon ya ɗaga shi ya leƙa ta hudar ya ce, "Ya hajj, wannan harbinsa aka yi?" Ya ce in bar shi zai gwada wata dabara. Na bar shi, na riƙa komawa, yau ya ce gobe, gobe ya ce wuta. Na san babu abin da zai fito, amma muddin faifan na wurinsa ina da abin da nake jira, ba sai na yi magana ba. A ƙarshe ya miƙo mini ya ce ko a Khartum ba mai tada shi.

A ranar da yamma, bayan la'asar, tela ya kama hannuna a ƙofar masallaci. Ya ce 'yarsa ta ce a gaishe ni, ta ce ina ta fama da shabaka saboda ita. Ya ce ya ɗinka mini jallabiyar sallah, in aiko a karɓa. Na ce Allah ya saka da alheri. Babbar sallah ta matso, garin ya cika da raguna.

Ita ta zo da kanta, saura kwana kaɗan a tafi hutun sallah. Ta shigo da ƙurar mota a mayafinta, ta zauna ba ta jira na ce ta zauna ba.

"Baba, na ga an saka aikin wani da ya kawo bayan nawa. Jiya na gani. Shabakar tasa daban ce?"

Na buɗe aljihun tebur na ajiye faifan a gabanta. Na gaya mata komai, tun daga ranar jana'iza har gonar Yaya, har kiran da ta yi na farko da abin da na riga na sani a lokacin. Ta ɗauki faifan ta sa ɗan yatsa a hudar. Na yi zaton za ta yi kuka ko ta ɗaga murya, kuma da ta yi da na fi jin sauƙi.

Ta ce, "Tun kiran farko ka sani?"

"Tun kiran farko."

"Ina kundin?"

Na sauko da shi. Ta ce, "Tashi mu je."

Muka fara zuwa ɗakin mudir, don kwance kundin maktaba sai da izininsa. A kulle yake. Ya tafi Khartum wani taron 'yan jam'iyya, daga can kuma zai wuce ƙauyensu a arewa ya yi sallah. Na ce mu kwance, ni zan ɗauki laifin. Ta dube ni kawai. Muka kai kundin wurin mai ɗinkin littattafai a kasuwa, ya sa wuƙa ya yanke gindin, shafukan suka rabu. Daga nan muka koma shagon da na kai faifan, don yana da na'urar ɗaukar hoton takardu. Mai shagon ya gane ni, ya buɗe baki zai yi wasan harbi, ya ga yanayinmu ya fasa.

Na'urar shafi ɗaya take ɗauka, kuma a hankali. Murfinta ya karye, sai an danne takardar da hannu. Ni nake dannewa, ita tana duba allo tana cewa ya yi ko a sake. Wuta ta ɗauke muka zauna jira, ta dawo muka ci gaba. Yini biyu muka yi a haka. A tsawon lokacin nan babu abin da ta ce mini da ya wuce "na gaba" da "sake wannan". Da azahar na sayo mata shayi, ta ce ta gode, ya huce a wurin.

Ranar ƙarshe kafin hutu na tura aikin. Shabaka ba ta ko yi gardama ba, cikin ɗan lokaci ya shige. Saura amincewar mudir. Na kira wayarsa a kashe. Na kira wani ɗan'uwansa, ya ce ƙauyen sai an hau tudu ake samun waya. Da na same shi a rana ta biyu ta sallah, ya saurare ni ya ce babu kwamfuta a inda yake, kuma lambar sirri amana ce, ba zai faɗe ta a waya ba. Ya ce in jira ya dawo. Ban ga laifinsa ba. A wannan karon dai, shi ne mutum ɗaya da ya bi doka.

Wata ya ƙare muna cikin hutu. Mudir ya dawo, ya amince da safiyar ranar da aka koma aiki, adireshin ya fito. Ta aika wa ƙungiyar tare da bayani. Suka amsa da ladabi cewa sun rufe, sun riga sun zaɓa, ta sake nema baɗi. Wata abokiyar karatunta ce ta tafi a wannan shekara.

Na gaya wa mudir abin da ya faru, amma kada a ɗauka jarumta ce, kundin da aka yanke na gabansa, dole in yi bayani. Ya rubuta mini gargaɗi, ya ɗauke hatimin ya kai ɗakinsa. Daga ranar babu wanda aka buga wa sai adireshinsa ya fito. Ɗaliban Fashaga da Hawata suka riƙa kwana a gari suna jiran shabaka, suna zagin sabon tsari, ba su san ni na jawo musu ba. Faya-fayan da suka rage a gona kuwa ba wanda ya ce a dawo da su.

Ita ba ta kai ƙarata ko'ina ba. Ban san abin da ta gaya wa ubanta ba. Jallabiyar dai ban aika an karɓa ba, shi kuma bai sake tada maganar ba, muna gaisawa a masallaci kamar da, sai dai ya daina riƙe hannuna bayan gaisuwa. Na je gidansu bayan sallah na nemi gafara. Ta fito zaure ta ce ta yafe, Allah ya yafe mana duka. Na yarda har zuciyarta ta faɗa, amma shekarar dai ta riga ta tafi. Ta koma Fau ta ci gaba da aikin wucin gadi, tana auna ruwa a gonakin wasu. Da shekara ta zagayo ta sake nema, aka ɗauke ta, ta tafi.

Buhun Yaya ya iso a kakar nan kamar kullum, har da ƙari, don tsuntsu bai ci gonar ba. Na yi tunanin in bayar da shi sadaka. Farashin hatsi ya tashi a shekarar, yara na gida, sai muka ci.

Aikinta na nan a ma'ajiya har yanzu. Na sauran ɗalibai rubutu ne tsaf, idan mutum ya nemi wata kalma kwamfuta za ta kai shi wurinta. Nata hoto ne, wasu shafukan a karkace, hotunan gonaki sun yi baƙi ba a bambanta dawa da ciyawa. Wanda bai san sunan binciken ba da wuya ya faɗa kansa. A gefen shafuka da yawa akwai inuwar babban yatsana inda na danne takarda.

Ta dawo Gadarif da digirinta, tana koyarwa a kwalejin kafin in yi ritaya. Takan turo ɗalibanta da kundayensu, wani lokaci ta rako su. Tana gaishe ni da kyau, ta tambayi iyali. Ustaz take ce mini yanzu, kamar yadda ake ce wa kowane ma'aikaci. Idan ɗalibinta ya miƙo faifai takan ce masa, a gabana, ba tare da ta dube ni ba, ya tabbata ya bar kwafi biyu a gida.